Idan fila ɗaya ta fita a benen katako, dekin zai iya riƙe kansa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Kace kana karatun injiniyan gini, kaga hotunan dogayen benayen nan na katako da ake yi a Norway da Kanada, kuma abinda ya tsaya maka a rai shine idan mota ta daki fila ɗaya a ƙasa ko gas ya fashe ya cire bango, shin dekin na katako zai tsaya ne ko zai rufta ya ja sauran hawa su biyo shi, sannan kana so ka san ko ya kai dekin kankare aminci. Toh amsar a taƙaice itace zai iya tsayawa, amma ba don katakon yanada ƙarfi ba, allon kansa da wuya ya zama matsalar, rigimar gaba ɗaya tana wurin joyin, wato inda allo ya haɗu da allo, inda bim ya hau fila, da kuma ko wanda ya yi zanen ya zauna ya tambayi kansa ina nauyin zai bi idan filar nan babu ita. Bari in bi maka a hankali don maganar tanada tsawo.

Da farko ba katakon kafinta muke magana ba, wanda ake saya a kasuwar 'yan katako a yi rufi. Wannan katako ne da aka busar a injin, aka tantance ƙarfinsa, aka manna da gam a masana'anta. Akwai gululam, falankai ne da aka jera jijiyarsu duk hanya ɗaya aka manna, da shi ake yin fila da bim. Akwai LVL na siraran ɓawon katako. Sai CLT wanda shine yawanci ake shimfiɗawa a matsayin dekin, shi kuma falle-falle ne 3 ko 5 ko 7, kowane falle ya gicciye na ƙasansa, sai ya fito allo guda mai faɗin kusan mita 3 tsawonsa kuma yana iya kaiwa mita 16. A Ostiriya da Jamus aka raya shi a shekarun 1990. Da irin waɗannan kayan aka yi Stadthaus mai hawa 9 a Landan a 2009, da Brock Commons mai hawa 18 a Bankuba ta Kanada a 2017, da Mjøstårnet a Norway a 2019 mai tsayin mita 85.4, da Ascent a Milwaukee ta Amurka a 2022 mai hawa 25.

Amma kafin mu shiga katako sai ka san labarin Ronan Point, don duk dokokin da za ka karanta akan wannan batun daga can suka samo tushe. Bene ne mai hawa 22 a gabashin Landan, an yi shi da manyan allunan kankare da aka zuba a masana'anta aka kawo aka jera da kireni, bango akan dekin, dekin akan bango. Ranar 16 ga Mayu 1968 da sassafe wata mata a hawa na 18 ta ƙyasta ashana za ta kunna murhun gas, ashe gas ya cika kicin, ya fashe. Fashewar ma ba wata babba bace, matar ta rayu. Sai dai ta ture bangon gefe wanda shine yake ɗauke da hawan da ke sama, hawan sama suka rasa abin zama suka faɗo, nauyinsu ya daki hawa na 17 shima ya tafi, haka ya dinga bi har ƙasa, kusurwar ginin guda ta zube. Mutum 4 suka rasu. Da aka zo rushe ginin a 1986 aka dinga warware shi a hankali ana duba joyin, sai aka tarar wasu wuraren da ya kamata a cika da siminti ba'a cika ba, har shara aka samu a ciki. Kaga allunan kankaren lafiyarsu ƙalau, abinda ya haɗa su ne babu. Ni duk lokacin da na kalli ginin CLT mai bango da dekin na alluna, Ronan Point nake fara tunowa, saboda salon ginin ɗaya ne, manyan alluna ne masu ƙarfi da aka kawo aka jera, ba kamar dekin da ake zubawa a sayit ba wanda rodi ya ratsa ko'ina ya ɗinke bim da fila da dekin suka zama abu guda tun daga zubi.

Bayan wannan Ingila ta gyara dokar gininta a 1970, daga baya Turai ta saka shi a Eurocode, wato kundin ƙa'idojin zanen gini na Turai, kashin da ake kira EN 1991-1-7. Abinda dokar take cewa mai sauƙi ne, ba'a ce ginin kada ya lalace ba, cewa aka yi ɓarnar kada ta fi ƙarfin abinda ya jawo ta. Sun bada ma'auni, idan ka cire fila ɗaya ko wani yanki na bango a lissafi, wurin da zai rufta kada ya wuce kashi 15 cikin 100 na faɗin hawan ko murabba'in mita 100, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kuma kada ya wuce hawa biyu masu maƙwabtaka. Gidan zama da ya wuce hawa 4 har zuwa 15 ana so ko dai ka ɗaure shi a kwance da a tsaye, ko ka cire filolin ɗaya bayan ɗaya a lissafi ka nuna ginin zai tsaya. Idan kuma akwai filar da in ta fita ba makawa, sai ka mata zanen da za ta jure bugun kilonyutan 34 akan kowane murabba'in mita, kusan tan 3 da rabi kenan. Amurka ma sunada nasu, na gine-ginen gwamnatin tarayya da na sojoji, musamman bayan harin bam na Oklahoma a 1995 wanda mutum 168 suka mutu, da na 11 ga Satumba 2001. Abinda nake so ka riƙe shine waɗannan dokokin da kankare da ƙarfe a zuciya aka rubuta su, katako daga baya ya shigo.

Yanzu mu ɗauki misali mu yi lissafi, lambobin nawa ne don bayani kawai. Ace ofis ne, filoli kowace mita 6 ta kowane ɓangare. CLT mai kaurin santimita 20 nauyinsa kusan kilo 100 ne a murabba'in mita, kankare mai wannan kaurin kusan kilo 480. In ka haɗa da ɗan simintin da ake zubawa a kai don rage ƙara da silin da wayoyi ace kilo 250, mutane da kujeru kuma wani 250 amma a lokacin hatsari rabi ake ɗauka, ya zama kilo 375. Kowace fila tana karɓar kusan tan 13 da rabi daga kowane hawa. Toh filar ta fita. Tazarar da take mita 6 ta koma 12, kuma ka san ƙarfin da yake neman lanƙwasa dekin da murabba'in tazara yake tafiya, ya ninka sau 4 kenan, lotsawa kuma sau 16. Sannan filar ba a hankali take fita ba, farat ɗaya ne, dekin zai faɗo da gudu ya wuce inda ya kamata ya tsaya kafin ya dawo, shi yasa a lissafi mai sauƙi ake ninka nauyin har sau 2, kuma ga katako da bashi da danƙo sosai ban ga dalilin rage wannan 2 ɗin ba sai in an gwada joyin an ga yana shanye bugu. Ga kuma wani abu da ɗalibai ke mantawa, saman filar da can dekin yana tanƙwarawa sama ne, yanzu ya juye yana lotsawa ƙasa, ja ya koma ƙasan allon. In daidai wurin ne aka yanke allo biyu aka haɗa su da ɗan siririn filawud da ƙusoshi, toh babu abinda zai ɗauki wannan lanƙwasar, ƙyaure ne kawai zai buɗe.

Hanyar da ƙarfe da kankare suke tsira anan itace ta igiyar shanya. In ka rataya jiƙaƙƙen bargo a tsakiyar igiya, igiyar bata da ƙarfin lanƙwasa ko kaɗan amma tana riƙe shi, saboda ta lotsa ƙasa ta koma ja zalla, kuma in ka ɗaure ta tamau ka hana ta lotsawa, ƙusar bangon ce za ta fita. Haka bim biyu da suka rasa filar tsakiya suke yi, su lotsa su rataye da juna. Amma duba lissafin. A misalinmu in dekin ya samu ya lotsa mita 1.2, wato joyin ya juya kusan digiri 11, jan da zai shiga cikinsa kusan tan 34 ne. In santimita 30 kawai zai iya lotsawa kafin joyin ya tsage, jan da ake buƙata ya haura tan 130. Kaga yadda abin yake, duk yadda joyin ya kasa juyawa haka jan yake hawa. Dokar sojojin Amurka ta faɗi wannan ƙarara, tace in kana so bim da joyin su zama ɗaurin sai ka nuna suna ɗaukar jan alhali sun juya wannan digiri 11 ɗin.

Anan ne katako yake da rauni, kuma gara mu faɗa tsakani da Allah. Ƙarfe in ka ja shi yana miƙewa sosai kafin ya tsinke, yana baka gargaɗi. Katako in ka danna shi yana ɗan lotsawa ya haƙura, amma in ka ja shi ko ka lanƙwasa shi gautsi gare shi, ko kashi 1 cikin 100 baya miƙewa sai kaji ɗas. Mafi muni shine in jan ya gicciye jijiya. Katakon gini na Turai mai lamba C24 in ka ja shi ta bin jijiya ana bashi kusan nyutan 14 akan murabba'in milimita, in ka ja shi a gicciye 0.4 ne, bambancin ya fi sau 30, shi yasa mai faskare yake bin jijiya. Toh in joyin ya fara juyawa, bol ɗin da suke cikinsa suna tura katakon ne a gicciye, sai kaga tsaga ta tashi daga ramin bol ta bi jijiya ta tafi, joyin ya saki tun bai kai rabin juyawar da ake nema ba. Don haka a ginin katako danƙon ba daga katakon yake fitowa ba, daga ƙarfen da ke cikin joyin ne. Tun 1949 wani injiniya ɗan Denmark, Johansen, ya fitar da lissafin yadda ƙusa ko bol yake lanƙwashewa cikin katako, kuma har yau akansa Eurocode 5, kashin da ya shafi katako, yake tafiya. Darasin shine siraran ƙusoshi masu yawa sun fi ƙaton bol guda biyu, domin siririn zai lanƙwashe yana cin katakon a hankali yana shanye bugu, ƙaton kuma ba zai lanƙwashe ba sai dai ya fasa katakon. Sai a bada isasshiyar tazara tsakaninsu da kuma daga bakin katakon, a kuma ɗaura dogayen sukurori a gicciye kusa da ramukan su ɗinke jijiyar kada ta tsage.

Maganar sukurori ma akwai tarko a ciki. Dogon sukuru in ka ɗaura shi a karkace, digiri 45, joyin yana yin tauri da ƙarfi sosai, injiniyoyi suna son haka don dekin baya rawa. Amma irin wannan ɗaurin ja yake ɗauka, in ya kai iyakarsa zarewa yake ko ya tsinke bayan motsin 'yan milimitoci. Wanda aka ɗaura a miƙe bai kai shi ƙarfi ba amma yana lanƙwashewa ya tafi santimita da yawa yana riƙe. Haka ma ƙananan mahaɗan nan na alminiyam da ake ɓoyewa a ƙarshen bim a zura shi cikin fila, suna da kyau a ido, suna saurin haɗawa, suna ɗaukar nauyin sama zuwa ƙasa yadda ya kamata, amma ba don ja da juyawa aka ƙera su ba. A jami'ar Griffith ta Ostireliya sun yi gwaji da ƙananan samfuran gini na fila da bim, suna cire filar suna dannawa, kuma abinda suka gani ya dace da wannan, mahaɗan kasuwa da suka gwada basu bada juyawar da za'a dogara da ratayar ba, allunan CLT da suka tsallake bim ne suka fi taimakawa wajen kai nauyin wani wuri.

Shi yasa abu ɗaya da yake damuna a wannan fannin shine mutum ya buɗe Eurocode ya ɗauko lissafin ɗauri, 0.8 sau nauyi sau tazara sau tsawo ko kilonyutan 75 duk wanda ya fi yawa, a misalinmu ya bashi kusan tan 11, ya zaɓi biraket da sukurorin da kasida tace suna ɗaukar tan 11, yace ya gama. Bai gama ba wallahi. In tan 11 ne kawai joyin zai ɗauka, kafin ratayar ta riƙe nauyin sai dekin ya lotsa mita 3.75, ya wuce tsayin hawa guda, ko ɗaurin ɓangare biyu ya raba nauyin kusan mita 2 ne. A kankare wannan lambar tana wucewa ne saboda akwai wasu hanyoyin da suke taimakawa a ɓoye, rodin da ya ratsa, dekin da yake aiki ta ko'ina, joyin da aka zuba tare. A katako waɗannan basa zuwa kyauta. Takarda za ta nuna an cika doka, ginin kuma bashi da hanyar da nauyi zai bi, kuma mutane ne za su kwana a ciki.

Toh me yake aiki? Abu na farko kuma mafi araha shine kada ka yanke allon dekin akan kowane bim. Tunda CLT yana zuwa da tsawon mita 12 zuwa 16, ka sa kowane allo ya tsallake aƙalla tazara biyu, sannan ka saɓa wuraren yankan, in wannan allon ya ƙare akan wannan bim ɗin na kusa da shi ya ƙare akan wancan, don kada duk joyin su jeru a layi ɗaya. In bim ɗin tsakiya ya sauka, allon da ya tsallake shi zai miƙa nauyin ga bim na hagu da na dama ta hanyar lanƙwasa ta yau da kullum, ba sai an jira rataya ba. Kuma CLT yanada wata falala anan, sama da ƙasansa iri ɗaya ne, ko lanƙwasar ta juye bai damu ba, saɓanin kankare da in babu rodi a ƙasa saman fila shikenan. Zaka ce ai nace nauyin ya ninka sau 4 ko ma 8 in an haɗa da gudu. Haka ne, amma akwai ajiya. A zanen yau da kullum ana ƙara nauyi da 1.35 da 1.5, ana rage ƙarfin katako saboda daɗewar nauyi akansa, a lokacin hatsari kuma duk wannan an cire, kuma katako yana ɗaukar nauyin ɗan lokaci fiye da na shekaru. In ka haɗa waɗannan a misalinmu sun baka sau 3 da ɗoriya. Sannan yawancin dekin CLT ba karyewa ce take yanke kaurinsa ba, rawa ce da lotsawa, don mutane basa son dekin da yake girgiza in ana tafiya, saboda haka sau da yawa ta fuskar ƙarfi akwai rara mai yawa. Wani lokacin ya isa, wani lokacin bai isa ba, sai an zauna an lissafa. Kuma kada ka manta bim ɗin gefe da filolinsu yanzu sun karɓi kayan maƙwabcinsu, su ma sai ka duba su da joyin ɗinsu, in ba haka ba ka matsar da rushewar ne kawai mita 6.

Inda ginin na bangon CLT ne abin ya fi sauƙi, domin bangon da ke saman wanda ya fita allo ne mai tsayin hawa guda, yana iya zama ƙaton bim ya tsallake ramin in an ɗaure shi da kyau da maƙwabtansa, dekin kuma ya rataye a jikinsa. A Stadthaus haka aka yi tunani, ɗakuna ƙanana bango da yawa, an tsara alluna su iya tsallake tazara biyu ko su tsaya a kantiliba, wato riƙe ta gefe ɗaya kawai, in abin zamansu ya tafi. Tun kafin nan ma a ƙarshen shekarun 1990 an gina bene mai hawa 6 na siraran katako a Cardington ta Ingila don gwaji, aka cire wasu sassan bango masu ɗaukar nauyi, ginin ya tsaya. Ginin fila da bim mai fili fetal irin na ofis shine mai wahala, kuma a cikinsa filar kusurwa ta fi kowacce, domin babu wani abu a ɗaya gefen da za'a rataya da shi, sai kantiliba ko kuma ɗaurin tsaye, wato filar sama ta zama an ɗaure ta da ta samanta da farantin ƙarfe yadda za ta iya ɗaukar ja, hawan da ya rasa ƙafa ya rataye a sama, amma nan ma sai akwai wani abu mai ƙarfi can sama da zai karɓa.

Akwai kuma salon Brock Commons inda babu bim kwata-kwata, allon CLT ne zaune kai tsaye akan filolin gululam da aka jera kusa-kusa, da rijiyoyin lifta biyu na kankare suna riƙe ginin ta gefe. A irin wannan abin tsoro shine fallen da yake gicciye a cikin allon, in ƙarfin yanka ya yi yawa kusa da fila jijiyoyinsa mirginawa suke akan juna, kuma ƙarfinsu anan kusan nyutan 1 ne kawai akan murabba'in milimita. A can sun sa mahaɗin ƙarfe yana miƙa nauyi daga fila zuwa fila kai tsaye don kada filar sama ta murƙushe allon.

Rashin nauyin katako kuma ta biyu yake. Yana taimakawa domin abinda za'a riƙe kaɗan ne, kuma in wani yanki ya faɗo akan hawan ƙasa bugun bai kai na kankare ba. Amma shima hawan ƙasan ba'a gina shi da nauyi mai yawa a rai ba, kuma fashewar gas tana tura dekin sama ne, allo mara nauyi da aka ɗora kawai ba'a ɗaure shi ƙasa ba zai ɗaga ya zame daga mazauninsa. Shi yasa nake son mazauni mai faɗi, in allon ya motsa santimita kaɗan ya samu inda zai zauna.

Yanzu ga inda zan ɗan rikita maka lissafi, domin ɗaure komai da komai ba kullum yake zama alheri ba, kuma manyan misalai biyu da ake koyarwa a wannan fannin duk rufin katako ne. Ranar 2 ga Janairu 2006 rufin filin wasan ƙanƙara na Bad Reichenhall a kudancin Jamus ya rufta, mutum 15 suka mutu yawancinsu yara. Ginin na farkon shekarun 1970 ne, manyan bim na katako masu siffar akwati tsawon kusan mita 48, an manna su da gam ɗin da baya jure danshi, shekara da shekaru laima tana cin gam ɗin, ga kurakurai a lissafin tun asali. Tsakanin bim da bim kuma an saka katakon gicciye masu tauri sosai. Da bim ɗaya ya gaza sai waɗannan suka miƙa nauyinsa ga na kusa, wanda shima gam ɗinsa ya riga ya ruɓe, shima ya miƙa gaba, rufin duka ya sauko. Shekara uku kafin nan, a Janairu 2003, rufin Siemens Arena a Ballerup ta Denmark, tazarar mita 73 na gululam, shima ya gaza saboda kuskuren zane, ba'a cire ramukan bol da wurin farantin ƙarfe a lissafi ba kuma an ɗauki ƙarfin katakon fiye da yadda yake. Duk manyan bim ɗin rufin 12 sunada wannan ciwon, amma 2 ne kawai suka faɗi, saboda da gangan aka yi haɗin da ke tsakaninsu sako-sako yadda in ɗaya ya tafi ba zai ja na kusa ba. Babu kowa a ciki lokacin. Da an ɗaure su tamau, da wataƙila duka sun tafi. Abinda za ka fahimta anan shine miƙa nauyi ga maƙwabci yana amfani ne in maƙwabcin lafiyarsa ƙalau kuma yanada rara, kamar in mota ce ta cire fila ɗaya. In ciwon na kowa ne, gam ɗaya, kuskuren lissafi ɗaya, danshi ɗaya, toh ɗaurin ne zai zama hanyar yaɗuwar. A rufi mai faɗi ana iya yanka ginin kashi-kashi a bar wani ya faɗi shi kaɗai. A bene mai hawa da yawa baka da wannan damar sosai tunda duk abinda ya faɗo akan wasu zai sauka, dole ka riƙe shi, don haka dole kuma ka tsananta bincike akan kayan da aikin.

Kuma matsalar gam ba ta da bace kawai. A Maris 2018 ana cikin gina Peavy Hall a jami'ar jihar Oregon wani yanki na allon CLT ya ɓare daga mannin ya faɗo hawan da ke ƙasansa, ba wanda ya ji rauni, bincike ya nuna daga masana'anta aka samu kuskure wajen mannawa kuma sai da aka canza alluna da dama. In wani zai kawo irin wannan ginin ƙasashenmu, cin gara da ruwan damina da ke shiga ta joyin da kuma bushewar hunturu da take tsaga katako daidai ramukan bol, duk irin ciwon nan ne da yake kama kowane joyin lokaci ɗaya.

Game da ko ya kai kankare, dekin da aka zuba a sayit da isasshen rodi da ya ratsa saman filoli yana samun wannan juriyar kusan ba tare da an nema ba, na katako sai an neme ta da gangan, in an nema kuma ana samu. Wasu suna haɗa biyun, su zuba kankare santimita 6 zuwa 10 akan CLT da ragar rodi da ta tsallake duk joyin, sai rodin ya zama ɗaurin, sai dai nauyi ya ƙaru. In furojet za ka yi akai, shawarata ka ɗauki gini ɗaya mai hawa 6 ko 8, ka cire filar kusurwa da ta gefe da ta tsakiya ɗaya bayan ɗaya, a hawan ƙasa da kuma kusa da sama inda hawan da za su taimaka kaɗan ne, kuma a kwamfuta kada ka bari joyin su zama masu tauri ɗari bisa ɗari don manhajar za ta baka amsa mai daɗi wadda ba gaskiya ba. Ka nemo sakamakon gwajin ainihin sukuru ko biraket ɗin da za ka yi amfani da shi, wanda ya nuna nauyi da motsi har zuwa inda ya saki, ka saka wannan a lissafin, sai ka gwada alluna masu tazara ɗaya da masu tazara biyu ka kwatanta. In ka kai nan ka turo min zanen joyin ɗin bim da fila mu duba tare, Allah ya bada sa'a.